Ramukan Allura a Jikin Shadda

Abubuwa da yawa sun wuce mini a rayuwa na manta su, amma makonni ukun farko da na yi da tabarau a fuskata ba za su taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun shuɗe, tabarau ɗin ma na canja shi har sau biyu, amma duk ranar da abin ya faɗo mini sai kunya ta kama ni sabuwa fil, kamar jiya aka yi.

Ni tela ce, shagona yana Zongo a nan Yamai. Asalina Bagobira ce, aure ya kawo ni daga wajen Maraɗi. Mu biyu ne a shagon, ni da wata Bazabarma da ta zo wurina koyon ɗinki tun tana budurwa, ta yi aure, ta haihu, ba ta bar ni ba. A lokacin nan mun shekara goma sha shida tare. Ni ke awo, ni ke yanka, ni ke haɗa manyan rigunan shadda. Ita kuma kalmasa da sa maɓalli da guga. Wanda ya san Gobirawa da Zabarmawa ya san wasan da ke tsakaninmu, na gado ne, ba a fushi a cikinsa. In na shigo da safe sai ta ce, "Ga baiwata ta iso, a miƙa mata tsintsiya." Ni kuma in ce, "Rufe mini baki, ƴar masu cin kwaɗon kopto, wa ya koya miki sa takalmi in ba ni ba?" Masu kawo ɗinki har zama suke yi don su sha dariya. Gidanta yana ƙetaren kogi, makullin shago kuma a hannunta yake, don ta ce ta fi son ta haye gada da sassafe kafin motoci su cushe. Ni sai wajen ƙarfe tara nake zuwa.

Idona ya daɗe da fara ja da baya, amma wa ya isa ya gaya mini? In na kasa zura zare sai in ce allurar yanzu ce ba ta da kirki. In na kasa karanta lambar metir ɗin awo sai in ce hasken shagon ne. Bazabarma ta karɓi allurar ta zura mini, tana cewa, "Bagobira ta makance, a nemo mata sanda." In ɗirka mata zagi, mu yi dariya, a wuce wurin. Rannan kawai babbar ƴata ta zo gida ta kafe, wai sai mun je wurin lokotoro, wato likitan ido. Na ce lafiyata lau. Ta ce, "Mama, ko ki tashi mu tafi, ko in zauna nan har gobe." Halin taurin kan nan a wurina ta gado shi, don haka na ɗauki mayafi.

Aka gwada ni, aka rubuta takarda, bayan kwanaki muka je karɓar luneti, wato tabarau. Mai haɗa gilashin wani saurayi ne mai yawan murmushi, ni kuma tun asali ban yarda da mai saye da sayarwa da ke yawan murmushi ba. Ya ce wannan gilashi uku ne a cikin ɗaya. Sama na hangen nesa ne, ƙasa na ɗinki da karatu, tsakiya kuma na abin da ke tsakani. "Amma Hajiya, ban da kallo ta gefe, zai karkatar miki da abubuwa. Duk abin da kike son gani, ki juya hancinki ya fuskance shi. Ki ba shi sati biyu ko uku, ido zai saba." Na ce a raina, lallai ma yaron nan, wato ya sayar mini da gilashin da gefensa ba ya aiki, kuma da bakinsa yake gaya mini. Daga nan ban ƙara sauraren abin da yake cewa ba.

Muna fitowa ƙasa ta taso mini. Matakala uku ce a ƙofar wurin, na ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ruwa, na dire ta inda babu komai. Ƴata ta riƙe ni tana danne dariya. A cikin taksi kaina ya yi ta juyawa, gidaje na lanƙwashewa ta gefen ido. Washegari kuwa ƴar kwatar da ke bakin shagona, wadda na shekara goma sha shida ina tsallakewa ko da ido rufe, sai ga ƙafata tsundum a ciki. Bazabarma ta fito tana tafa hannu, wai da ido biyu ban faɗa ba, sai da na samu huɗu. Na yi dariya ranar, ita ce dariyar ƙarshe da na yi da ita har aka daɗe.

A rana ta uku na gano yadda ake kallon kusa. Na ɗan ɗaga haɓa na duba ta ƙasan gilashin, sai ga duniya ta buɗe. Na ga saƙar zaren yadi ɗaya bayan ɗaya, na ga tsagar da ke yatsuna, na zura allura bugu ɗaya. Wallahi har ƙwalla ta zo mini don murna. Na jawo wata rigar shadda da na haɗa shekaranjiya don in more kallon aikina, na juya cikinta. Nan murnar ta ƙare. Duk tela ya san shadda ba ta ɓoye sirri, in allura ta huda ta, ramin yana nan ko an goge. A gefen ɗinkin akwai wani layi na ƙananan ramuka, yana tafiya kusa da shi, wani wuri ya rabu da shi, wani wuri ya ƙetare shi. An farke ɗinkina an sake. Kuma ɗinkin da ke kai ba na kekena ba ne, don nawa yana da ɗan faɗin taku, wannan kuwa ƙanana ne a matse. Na san keken da ke yin irinsa, yana nan taku biyu daga inda nake zaune.

Na bari ta fita sayen zare, na bi rigunan da ke rataye ɗaya bayan ɗaya. Cikin bakwai, biyar duk da ramukan. Na koma na zauna, na waiga ta wutsiyar ido na dubi rigunan, sai na ga duk sun karkace, gindin wannan ya haye, kafaɗar waccan ta zube. Ko kaɗan maganar mai gilashi ba ta faɗo mini ba. Na ce shi ke nan, yarinyar nan ɓata mini aiki take yi.

Da zargi ya samu wurin zama, sai komai ya zo ya ba shi shaida. Na tuna wata mai kawo ɗinki da ta ce mini, "Hajiya, bari ita ma ta ɗan duba awon." Na tuna mai sayar da zare na bakin layi ya taɓa ce mini ya ga Bazabarma ran Lahadi a unguwar masu hali ta Koira Kano da ledar kaya a hannu, alhali ba mu aiki ran Lahadi. Na tuna sammakon nan nata. Wace irin gada ce za ta sa mace mai ƴaƴa ta bar gidanta tun duhu bai gama washewa ba, shekara da shekaru? Na haɗa lissafina tsaf. Tana lalata nawa don a ce hannun tsohuwa ya mutu, tana bin gidajen manyan mata tana gyarawa don a san nata, in ta gama kwashe su ta buɗe shagonta a can. Har launin fentin shagon na gani a raina.

Da yamma na gaya wa maigidana. Yana shan shayi, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kin tambaye ta?" Na ce, "In tambaye ta me? Ta ce mini e, ni ce?" Ya ce, "Ni dai tun da kika sa lunetin nan, ko ni kallon ɗan sanda kike mini. Shekara goma sha shida ba wasa ba ce, ki bi a hankali." Na yi tsaki na tashi. Na ce maza ba su san makircin mata ba, nan kuwa ni ce ban san komai ba.

Na shiga gadinta. Sai dai masifar wannan tabarau, ba a satar kallo da shi. In na saci kallo ta gefe sai in ga ta narke kamar hoto a cikin ruwa, dole sai na juya kaina gaba ɗaya, hanci ya fuskance ta. Ta ɗauki almakashi, in juyo. Ta buɗe jakarta, in juyo. Salularta ta yi ƙara, in juyo har da ɗaga haɓa. Da fari ta ɗauka wasa ne, ta ce, "Bagobira, wuyanki zai karye fa." Na yi banza da ita. Ta sake jefo wata, na ce, "Ki yi aikinki." Ta dube ni ta koma kan aikinta. A tsakaninmu zagi shi ne lafiya, ranar da na daina zaginta ta san akwai magana. Kwana biyu bayan nan ta ce a hankali, "Na yi miki wani laifi ne?" Na ce, "Wanda ya yi laifi ai ya san kansa." Kusan sati biyu muka yi haka, ba ka jin komai a shagon sai ƙarar kekuna.

Ana cikin haka wata Hajiya ta Koira Kano, wadda ta daɗe tana kawo mini ɗinki, ta kawo shadda mai tsada ta bikin ƴarta, tata da ta ƙannenta. Na ce yawwa, ga tarko ya samu. Na yanka rigar Hajiyar da hannuna, na zauna na haɗa ta da natsuwar da ban taɓa yi ba. Ina ɗinki ina lura, duk inda na ga yadin yana neman karkacewa ta gefen ido sai in ja shi in daidaita. Da na gama na ɗaga ta, na ga ta miƙe sambal, na ce ko a gaban alƙali zan rantse da wannan. Na ƙulla ɗan jan zare a cikin ɗinkin kowane gefe, yadda in an farke zan sani, na rataye ta na tafi gida.

Washegari ina sallame sallar asuba na fito na tari taksi. Gari ya fara haske, masu dawowa daga masallaci suna tafe, mai tuyan fari masa, wato fanke, ta bakin layinmu ta riga ta hura wuta. Ta gaishe ni da mamaki, ban ko tsaya amsawa da kyau ba. Ƙofar shagon a ɗan buɗe, fitila a kunne. Na tura. Ga Bazabarma zaune a kan tabarma, rigar Hajiya a cinyarta, reza a hannunta, tana tsinke zaren kafaɗa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fito daga bakina, Allah ya yafe mini. Ban shiga ciki na rufe ƙofa ba, a bakin ƙofa na tsaya, murya a sama. Na ce mata maciya amana. Na ce na ɗauko ta ba ta san gaban allura da bayanta ba, yau ita ce za ta kashe mini suna don ta gaje masu kawo mini ɗinki. Na ce ta je ta buɗe shagon nata na Koira Kano, Allah ya isa tsakanina da ita. Mai fari masa ta bar kaskonta ta matso, mai shayi ya leƙo, masu dawowa daga masallaci suka tsaya cirko-cirko. Ni kuwa ganin mutane sai ya ƙara mini ƙarfi.

Ta bari sai da na gaji. Sannan ta tashi, ta shimfiɗa rigar a kan teburin yanka, ta ciro metir daga wuyanta ta miƙo mini. Ta ce, "Tanti, gefen nan biyu ban taɓa su ba, ga jan zarenki nan. Auna da kanki." Rabon da ta kira ni Tanti tun tana ƴar koyo. Na fizge metir ɗin, na auna dama daga hammata zuwa ƙasa, na auna hagu. Na sake. Na ɗaga haɓa na duba lambar da kyau, na sake na uku. Hagu ya fi dama da kusan yatsa huɗu. Ta ninka rigar biyu, hannuwan suka ƙi haɗuwa. Ta ja yatsa a kan ɗinkin da na rantse ya miƙe, na fuskance shi da hancina sosai, sai ga shi yana tafiya kamar hanyar tururuwa.

"Na kwanan nan sun fi karkacewa," ta ce. "Na da yatsa ɗaya ne, in ya yi yawa biyu." Na ce, "Na da? Wane da?" Ta ce, "Shekara biyu ke nan." Na ajiye metir ɗin. Da ƙyar na iya cewa me ya hana ta gaya mini. Ta ce, "Na gaya miki. Kullum sai na ce kin makance, ki zage ni mu yi dariya. In faɗa ba da wasa ba kuwa, bakina ba zai iya ba, ke kika koya mini riƙon almakashi." Ta ce zuwanta Koira Kano wata riga ce aka karɓa kafin ta kai ga gyara ta, ta bi ta har gida ta ce maɓalli ta manta, ta gyara a can. Ta ce da ta ga abin yana neman fin ƙarfinta, ita ce ta kira ƴata a waya ta roƙe ta ta kai ni wurin lokotoro, kar kuma ta ce ita ta faɗa. Tana gamawa ta ajiye makulli a kan rigar, ta yafa mayafinta, ta ratsa mutane ta wuce.

Da na waiga, yawancin masu kallo sun riga sun watse, tun ina awon farko suka kama gabansu. Mai fari masa ce kaɗai a tsaye. Ta ce, "Hajiya, ni da ita muke fara kunna wuta a layin nan kullum. Har da cikinta na ƙarshe tana zuwa." Ta koma wurin kaskonta, ni kuma na zauna a kan tabarmar na yi kuka kamar yarinya.

Duk da haka sai da na nemi wanda zan ɗora wa laifi. Da hantsi na tafi wurin mai gilashi da faɗana, na ce ya ba ni abin da ke ƙarya. Ya karɓa ya duba, ya ɗan matse wurin hanci, ya mayar mini. Ya ce in dubi ƙofarsa ta gefen ido, na ga ta lanƙwashe. Ya ce in juyo in fuskance ta, ta miƙe tsaf. Ya ce, "Hajiya, ai na gaya miki tun ranar farko." Ya gaya mini kuwa. Na fita ban ce masa ko sai an jima ba, don kunya.

Kwana biyu ina shagon ni kaɗai, na kasa taɓa shaddar mutane. A na uku na haye gada. Mahaifiyarta ce ta tare ni, tsohuwa mai ƴar Hausa kaɗan, ta shimfiɗa mini tabarma ta kira ta. Tana fitowa na durƙusa, ni da na girme ta da shekara goma sha wani abu. Ta ce, "Tashi, Tanti, don Allah kar ki sa ni jin kunya." Na ce ba zan tashi ba sai ta yafe mini. Tsohuwar ta yi mana faɗa mu duka, ni don na kai maganar cikin ɗaki bakin titi, ita don ta ɓoye wa babba abin da ya kamata ta sani. Ta yi ta ce wa ƴarta "kala suru", wato ta yi haƙuri, ta ce ba a taɓa jin Bazabarma ta riƙe Bagobira a zuci ba, ba kuma daga gidanta za a fara ba. Bazabarma ta share ido ta ce, "Zagin bai dame ni ba, na saba da bakinki. Abin da ya ƙona ni, sati biyu kina zaune kusa da ni kina juyo kai kina kallona, ba ki tambaye ni ba."

Ta dawo, amma da sharaɗi. Ta ce daga yau duk abin da ya karkace za ta ajiye mini a kan kekena, in farke da hannuna. Satin farko na yi farka har yatsuna suka yi ciwo, a nan na san nauyin abin da ta yi ta ɗauka ita kaɗai. Muka gama kayan bikin a kan lokaci. A hankali ido ya saba, ƙasa ta daina tasowa, hannuna ya dawo daidai, rigunan da ake ajiye mini suka ragu har suka ƙare.

Na bi layinmu shago shago na gaya musu gaskiya, cewa ni ce mai laifi, yarinyar nan asirina ta rufa. Wasu suka ce Allah sarki, wasu suka yi mini kallon mai neman rufe ɓarna. Bayan fiye da shekara ɗaya, a wani gidan suna, wata mata da ban ko san ta sosai ba ta matso ta raɗa mini, "Hajiya, wai har yanzu kina tare da wadda ta ci amanarki? Ke dai kina da haƙuri." Bazabarma tana zaune a bayana, ta ji, ta ci gaba da cin abincinta ba ta ɗago ba.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. In ka ga alamar hannun wani a cikin lamarinka, ka buɗe baki ka tambaye shi kafin ka yanke masa hukunci, don mai gyara da mai ɓarna duk suna barin alama iri ɗaya. In kuma faɗan ya zama dole, ka shiga ciki ka rufe ƙofa. Ita ta yafe mini, na sani. Amma waɗanda suka ji na kira ta maciya amana da safen nan suna da yawa, kuma mutum ɗaya ce kawai ta tsaya har aka gama awo.